Ɗan Manomin Tumatir Wanda Ya Ƙi Sayar Da Sunan Ubansa

Wajen shekara ta 1954, a birnin New York na ƙasar Amurka, aka kira wani saurayi baƙar fata aka yi masa tayin aikin mako ɗaya. Ladan aikin dala 750 ne. A lokacin nan matarsa tana da tsohon ciki, ga 'yarsu ta fari ƙarama, ba shi kuwa da kuɗin da zai biya asibiti in haihuwa ta zo. Ya karɓi takardar aikin, ya tafi gida ya karanta. Da ya komo sai ya ce ba zai yi ba. Daga baya ya tafi wurin masu ba da rance, ya jinginar da kayan ɗakinsa, ya karɓo dala 75 domin asibiti.

Sunan saurayin nan Sidney Poitier. Ana faɗin sunan kamar Sidni Fuwatiye. Sana'arsa wasan kwaikwayo ce, aikin da ya ƙi kuwa fitowa ne cikin wani fim. Bayan shekara goma ya zama baƙar fata na fari da ya sami lambar Oscar ta gwanin 'yan wasa maza, wato babbar lambar yabo ta masu yin fim a Amurka. Mun kawo labarinsa a wannan wata domin mu bincika abu guda. Me ya sa matalauci mai iyali zai juya wa dala 750 baya? Amsar tana can wani ƙaramin tsibiri, a gidan wani manomi.

Kwalin takalmi

Iyayen Sidney mutanen Bahamas ne, wato jerin tsibirai da ke cikin teku gabas da jihar Florida ta Amurka. A zamanin nan Ingila ce take mulkinsu, kamar yadda take mulkin Nijeriya. Tsibirinsu ana ce da shi Cat Island. Suna noman tumatir, in ya nuna su loda shi a jirgin ruwa su kai kasuwar Miami a Florida. A cikin irin wannan tafiya ce naƙuda ta kama uwar tun watanni ba su cika ba. Ta haifi Sidney a Miami ran 20 ga Fabrairu, 1927. Shi ne auta cikin 'ya'ya bakwai.

Jaririn ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, ba wanda ya sa rai zai rayu. Sidney da kansa ya ba da labari cewa ubansa ya fita ya komo da kwalin takalmi domin a sa gawar a ciki. Uwar kuwa ta ƙi fid da zuciya. Suka zauna a Miami suna jinyarsa har ya yi ƙwari, sa'an nan suka koma tsibirinsu da shi. Da yake a Miami aka haife shi, ya zama ɗan ƙasar Amurka bisa ga doka, ko da yake a Bahamas ya tashi.

A Cat Island ba wutar lantarki, ba famfo, ba mota. Yaro yana ɗebo ruwa, yana kamun kifi, yana bin iyayensa gona. Kusan dukan mutanen tsibirin baƙar fata ne, saboda haka ba wanda ya taɓa gaya masa cewa launin jikinsa aibi ne. Abin da ya gani kullum shi ne uba da uwa masu aiki daga safe har yamma, waɗanda maganarsu ɗaya ce, maƙwabta kuma suna ganin girmansu. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara goma na fari ɗin nan su ne suka tanƙwara Sidney.

Daga tsibiri zuwa birni

Sa'ad da aka hana shigar da tumatirin Bahamas cikin Florida, noman uban ya rushe. Iyalin suka ƙaura zuwa Nassau, babban birnin ƙasar, Sidney yana da shekara goma. A nan ya fara ganin mota da fitilar lantarki. A nan kuma ya fara shiga silima. Fim ɗin na makiyayan Amurka ne masu dawakai. Ya ce da aka tashi sai ya zaga bayan ginin ya tsaya yana jira ya ga dawakai da shanu sun fito, gama ya ɗauka suna ciki da gaske.

Zaman Nassau ya yi wuya. Uwarsa takan zauna tana farfasa duwatsu da guduma, ta mai da su tsakuwa ta sayar wa magina. Sidney bai cika shekara biyu a makaranta ba ya fita neman aikin lebura. Da uban ya ga abokan yaron sun fara faɗawa hannun 'yan sanda, sai ya aike shi wurin wansa a Miami. Yana da shekara 15.

A Miami ya gamu da abin da bai taɓa sani ba. A jihohin kudancin Amurka doka ce ta raba baƙi da farare a makaranta, a mota, a gidan abinci, har a wurin shan ruwa. Ya sami aikin kai saƙo. Wata rana ya kai kaya gidan wata Baturiya, ya buga ƙofar gaba. Matar ta ce ya zaga ta baya. Shi kuwa bai ga dalili ba, ya ajiye kayan a bakin ƙofa ya yi tafiyarsa. Ya ce bayan wannan, 'yan ƙungiyar nan ta Ku Klux Klan masu tsananta wa baƙar fata suka zo unguwarsu nemansa. Bai daɗe ba ya bar garin, ya nufi arewa.

Ya sauka New York yana da shekara 16, da 'yan daloli kaɗan a aljihu. Ya kwana a tashar mota, ya kwana a kan rufin gidaje, yana wanke kwanoni a gidajen abinci. Da sanyin hunturu ya matsa masa a 1943, ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja. Aka sa shi aiki a wani asibitin tsofaffin sojoji masu taɓin hankali. A ƙarshen 1944 aka sallame shi, ya koma wanke kwanoni.

Tsoho mai jarida

Wata rana yana duba jarida yana neman aiki, ya ga sanarwa cewa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙar fata a unguwar Harlem, mai suna American Negro Theatre, tana neman 'yan wasa. Ya tafi. Ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar, Frederick O'Neal, ya miƙa masa takarda ya ce ya karanta. Sidney ya kama karatu yana tuntuɓe, kalma ɗaya ɗaya, ga kuma harshensa na mutanen tsibiri wanda ba a ganewa sosai. O'Neal ya fusata, ya kai shi bakin ƙofa, ya ce ya daina ɓata wa mutane lokaci, ya je ya nemi wanke kwanoni.

Abin da ya sosa ran Sidney shi ne, bai gaya wa mutumin nan sana'arsa ba. Yaya aka yi daga kallo ɗaya ya yanke masa iyakarsa? A kan hanya ya ƙudura a ransa sai ya komo ya nuna masa.

A gidan abincin da yake aiki akwai wani tsoho Bayahude mai kai wa baƙi abinci. Wani dare ya ga yaron yana riƙe da jarida, ya tambaye shi ko me ke cikin labarai. Sidney ya faɗi gaskiya, ya ce bai iya karatu sosai ba. Tsohon ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Daga ran nan, kowane dare bayan an rufe, sukan zauna da jarida. Tsohon yana nuna masa yadda ake furta kalma, da inda ake tsayawa, da ma'anar aya da waƙafi. Suka yi makonni haka. Bai karɓi ko anini ba. Har cikin tsufansa Sidney yana ambaton mutumin nan da hawaye, yana baƙin ciki da bai sake samunsa ya yi masa godiya ba.

Ya kuma sayi ƙaramar rediyo. Wata shida yana sauraron masu karanta labarai, yana maimaita abin da suka faɗa, har harshensa ya gyaru. Ya koma ƙungiyar nan. Da ya ga za su sake sallamarsa, ya roƙa a bar shi ya riƙa share musu gini a maimakon kuɗin koyo. Suka yarda. A nan ya sadu da wani saurayi mai suna Harry Belafonte, wanda ya zama mawaƙi sananne, ya kuma zama amininsa. Wata rana Belafonte bai sami zuwa gwaji ba, Sidney ya tsaya a madadinsa. Wani mai shirya wasa ya gan shi, ya ba shi wuri a babban dandali a 1946.

A 1950 ya fito cikin babban fim ɗinsa na fari, No Way Out. Ya fito a likita wanda aka kawo wa wani ɗan fashi Bature mai ƙin baƙar fata. A zamanin nan in an ga baƙin mutum a fim, yawanci bara ne, ko wawa mai ba da dariya. Ga shi yanzu da farar riga yana duba marasa lafiya. Iyayensa sun ga fim ɗin a Nassau. Ya ce da aka zo inda Baturen yake dukansa, uwarsa ta miƙe tsaye cikin silima tana kiran sunansa, tana ce masa ya rama.

Sa'an nan ya tafi Afirka ta Kudu domin fim ɗin Cry, the Beloved Country, wanda ya fito a 1951. Ya fito a limamin ikkilisiya mai taimakon wani tsohon limami neman ɗansa da ya ɓace a birnin Johannesburg. Domin gwamnatin wariyar launin fata ta bar su su shiga ƙasar, sai da aka rubuta shi da abokin aikinsa Canada Lee a kan barorin darektan ne. Daga baya ya sake zuwa Afirka. An ɗauki fim ɗin Something of Value a Kenya, aka kuma ɗauki wani sashe na The Mark of the Hawk a Nijeriya. Dukansu biyu sun fito a 1957.

Aikin da ya ƙi

Kada mu ɗauka fim biyu na fari sun sa ya yi arziki. Bayansu aiki ya yi ƙaranci. Ya buɗe ɗan gidan gasa nama a Harlem, ciniki kuwa bai yi kyau ba. Cikin wannan hali ne wani wakilin 'yan wasa mai suna Martin Baum ya kira shi domin fim ɗin The Phenix City Story. Ana so ya fito a mai shara wanda ya ga mugun aikin 'yan daba. 'Yan daban suka kashe 'yarsa ƙarama suka jefar da gawar a ƙofar gida, a labarin kuwa mutumin bai yi wani abu ba.

Baum ya yi mamaki. Ya ce ba a zagi baƙar fata cikin labarin ba, to, mene ne laifinsa? Sidney bai ƙi aikin domin na mai shara ba ne, gama shi ma ya yi shara, uwarsa kuma ta fasa dutse. Abin da ya faɗa daga baya shi ne, ya san ubansa. Ubansa matalauci ne, amma ba zai taɓa tsayawa shiru a yi wa ɗansa haka ba. Shi kuwa ba zai tsaya gaban duniya, da sunan uban nan a kansa, ya nuna uba baƙar fata wanda ba shi da ta cewa a kan jinin 'yarsa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sidney ya ga askin, ya bar ladan.

Bayan 'yan watanni Baum ya sake kiransa. Ya ce ya kasa mantawa da mutumin da yake bukatar kuɗi haka amma ya ƙi su, yana so ya zama wakilinsa. Suka yi aiki tare shekaru masu yawa. A 1955 Sidney ya fito a ɗan makaranta mai taurin kai cikin Blackboard Jungle, sunansa ya fara bazuwa. A 1958 ya yi The Defiant Ones tare da Tony Curtis, labarin fursunoni biyu, baƙi da fari, waɗanda suka tsere ɗaure da sarƙa ɗaya. Saboda wannan aka sa sunansa cikin masu takarar Oscar ta gwanin 'yan wasa maza. Ba a taɓa sa baƙar fata a jerin nan ba sai shi.

Lambar ta zo masa ta wani ƙaramin fim na 1963, Lilies of the Field, wanda aka ɗauka cikin mako biyu a jihar Arizona. An ɗauko sunan fim ɗin daga Matiyu sura 6. Sidney ya fito a magini matafiyi, ɗan Baftis, wanda ya tsaya neman ruwan mota a gonar waɗansu sistocin Katolika da suka gudo daga Jamus ta Gabas. Shugabarsu ta gaskata Allah ne ya aiko shi ya gina musu ɗakin sujada. Ba su da kuɗi, shi kuwa yana neman ladansa. Suka yi ta ja-in-ja, kowa yana buɗe Littafi Mai Tsarki yana kawo ayar da ta goyi bayansa, har a ƙarshe ginin ya tsaya. Ran 13 ga Afrilu, 1964, aka kira sunansa aka ba shi Oscar. Sai da shekara 38 ta wuce kafin wani baƙar fata, Denzel Washington, ya sake samun wannan lamba a 2002.

Bai tsaya ga fim kaɗai ba. Yana cikin babban taron neman 'yancin baƙar fata a Washington a 1963, inda Martin Luther King ya yi jawabi. A watan Agusta na 1964 shi da Belafonte suka ɗauki dala 70,000 a jaka suka kai wa masu fafutukar 'yancin zaɓe a jihar Mississippi, ba da daɗewa ba bayan an gano gawar uku daga cikinsu. Da dare waɗansu motoci suka bi su daga filin jirgi, amma suka isa lafiya.

Shekara ta 1967

A wannan shekara fim uku nasa suka fito, dukansu suka karɓu. Cikin To Sir, with Love malami ne a wata makarantar London mai yara marasa ji. Cikin Guess Who's Coming to Dinner likita ne mai neman auren Baturiya. Sai a watan Yuni na shekarar nan Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke dokokin jihohi 16 da suka hana irin wannan aure. Cikin In the Heat of the Night kuwa ɗan sandan ciki ne daga arewa wanda ya sami kansa yana binciken kisan kai a wani garin kudu. Akwai wurin da wani attajiri Bature ya mare shi saboda ya yi masa tambaya, shi kuwa nan take ya rama. Masu kallo a Amurka suka yi mamaki, gama ba su saba ganin haka ba. A 1968 masu gidajen silima suka zaɓe shi a kan ɗan wasan da ya fi kowa jawo 'yan kallo a ƙasar.

Amma yabo bai zo shi kaɗai ba. Waɗansu baƙar fata suka fara cewa mutanen da yake fitowa a matsayinsu sun cika tsabta, ba su da aibi, an yi su ne domin Turawa su ji daɗi. Wani marubuci baƙar fata ya buga wannan zargi a jaridar New York Times a 1967. Maganar ta yi masa zafi. Akwai gaskiya kaɗan a cikinta, amma sai mu tuna shekaru da yawa kusan shi kaɗai ne baƙar fata a wannan matsayi, kowane fim nasa kuwa ana auna miliyoyin mutane da shi. Ya ja jiki ya koma Bahamas na ɗan lokaci. Daga 1972 ya kama aikin darekta, ya fara da Buck and the Preacher, ya buɗe wa baƙar fata da dama ƙofar aiki.

Inda ya kāsa

Ba za mu yi wa masu karatu adalci ba in mun nuna Sidney kamar marar laifi. Ko a wajen zaɓen aiki ba kullum ya iya tsayawa ba. Fim ɗin Porgy and Bess na 1959 bai so shi ba, amma manyan masu kuɗi suka matsa masa har ya yi. Babban rauninsa kuwa a gida yake. Ya yi aure a 1950, suka haifi 'ya'ya mata huɗu. Wajen 1959 ya shiga nema da wata 'yar wasa, abin ya ja shekaru, auren ya mutu a 1965. Mutumin da ya ƙi dala 750 domin kada ya kunyata ubansa a fim, shi ne ya bar gidansa ya tsage.

Bai ɓoye wannan ba. Cikin littafin tarihin rayuwarsa, The Measure of a Man, wanda ya fito a 2000, ya nuna cewa ubansa ya koya masa ana gane mutum ta yadda yake lura da 'ya'yansa, wannan koyarwa kuwa ita ce ta yi ta damun lamirinsa a shekarun nan. Ma'aunin da ya ɗaga shi, shi ne kuma ya kāshe shi. A 1976 ya auri Joanna Shimkus, wadda ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, suka zauna tare har mutuwa ta raba. Cikin tsufansa ya sha faɗa cewa 'ya'yansa shida sun fi masa dukan lambobin yabo.

Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1974. Ya zama jakadan Bahamas a Japan daga 1997 zuwa 2007. A 2002 aka ba shi Oscar ta girmamawa, a 2009 kuma Shugaba Barack Obama ya rataya masa babbar lambar yabo ta farar hula a Amurka. Ya rasu a California ran 6 ga Janairu, 2022, yana da shekara 94.

Ga iyaye

Da yawa a cikinmu muna kwana da damuwa domin ba mu da abin da za mu bar wa 'ya'yanmu. Ba gida, ba gona mai faɗi, kuɗin makaranta ma da ƙyar. Uban Sidney bai iya riƙe shi a makaranta shekara biyu ba, ya kuma rabu da shi yana da shekara 15. Duk da haka, bayan shekara goma sha ɗaya, a wani ofis a New York inda uban bai taɓa sa ƙafa ba, halinsa ne ya yanke shawara. Yaron bai tuna da wata doguwar huɗuba ba. Ya tuna da yadda ya ga mutumin yana zama, yana aiki, yana tsare iyalinsa.

'Ya'yanmu ma suna kallo. Suna ganin yadda muke auna hatsi a kasuwa, da yadda muke magana da uwarsu, da abin da muke yi in an miƙo mana kuɗin da bai kamata ba. Wata rana za su yi nisa da mu, wani zai ajiye musu tayi a kan tebur, mu kuwa ba ma nan. Abin da suka gani a gida shi ne zai amsa.

Mu kuma tuna da tsohon nan mai jarida. Ba danginsa ba ne, ba kabilarsa ba, ba addininsa ba. Ya dai ga yaro mai wanke kwanoni yana fama da karatu, ya ja kujera. Wataƙila a unguwarmu, ko a shagonmu, ko cikin gidanmu ma, akwai yaro irin wannan. Rabin sa'a da yamma da tsohuwar jarida sun isa a fara.